Juwairiyya Mai Kitson Mako Biyu

Kafin masu ƙosai na bakin kasuwar Tudun Wada su tsame kaskon farko, Juwairiyya ta share tsakar gida, ta sallami maigidanta Malam Muntaka zuwa shagon ɗinkinsa, ta zauna a bakin ƙofar ɗaki da jaka a kan cinya. Jakar baƙa ce, zik ɗinta ya mutu tun tuni, da igiya ake ɗaure bakinta. A ciki akwai kibiyar kitso, da mataji uku, da zare, da man kaɗanya, sai gwangwanayen man shafawa huɗu ko biyar waɗanda babu ko ɗigon mai a cikinsu. Robobin magani ne a ciki. Kowace roba sai ta cusa mata auduga a kan ƙwayoyin ta rufe. In ta gama sai ta ɗaga jakar kusa da kunne ta girgiza. In ta ji ƙaras-ƙaras, ta koma ta zauna ta ƙara auduga. In ta ji shiru, ta yi bisimilla ta zura takalmi.

Shekara goma sha huɗu tana wannan girgizar. Duk wanda ya gan ta ta nufi Gyallesu ko ta tsallaka titi ta shige lungu, cewa zai yi ga mai kitso can za ta neman na cefane. Kitson kuwa tana yi, kuma duk faɗin Tudun Wada ba wadda ta kama ƙafarta a shuku. Amma ainihin aikinta shi ne kai magani ga yaran da aka haifa da cutar ƙanjamau, da duba marayun da cutar ta bari a hannun kakanni. Wata ƙungiya ce ta ɗauke ta, irin waɗanda ake aiko wa tallafi daga ƙasashen Turawa. Yanzu tallafin ya tsaya, ƙungiyar ta rufe ofis, ita kuma sanyin ƙashi ya sandarar mata da yatsu. Ta rataye jaka. Ba a kafa rumfa ba, ba a kira maroƙi ba. Shi ya sa na ce bari ni in yi mata tawa jinjinar.

Ni ce Ishatu, wadda 'yan layinmu ke kira Gwaggo Rediyo a bayan idona, suna zaton ban sani ba. Aji huɗu na yi a firamare, sauran na ƙarasa a ajin yaƙi da jahilci, saboda haka mai neman Hausar malaman jami'a ya nemi wani. Kuma in gaya muku tun yanzu, ba don na fi kowa alheri ga Juwairiyya nake wannan rubutu ba. Ni na fi kowa cutar da ita. Akwai yarinya a cikin labarin, zan kira ta Rauda, ba sunanta ba ne. Kakarta zan kira ta Inna Maijidda, shi ma aro ne. Maganin yarinyar nan, wato ranta, shi bakina ya yi wasa da shi.

Amma bari in fara da farko.

Madam Ginika, nas ɗin da ta shugabanci ofishin, haihuwar Sabon Gari ce, Hausa a bakinta kamar jakin Kano. Ita ta ba ni labarin ranar da Juwairiyya ta kama aiki. Aka miƙa mata riga mai tambarin ƙungiya gaba da baya, da hula, da jaka ruwan ɗorawa, aka ce farar mota za ta riƙa sauke ta a ƙofar gidaje. Juwairiyya ta ɗaga rigar, ta duba gaba, ta duba baya, ta ninke ta.

Ta ce, "Madam, ganga ce kawai ba ku haɗa mini da ita ba."

"Ganga kuma ta me?"

"Ta shela mana. In na sa wannan na shiga gida, kafin in fito an san abin da ke cikin tukunyarsu har Ƙofar Doka. Gobe ba mai sayen ƙosan matar gidan, ba mai wasa da ɗanta."

"To ta yaya za ki shiga? Masu ba da tallafi suna son ganin hoto da riga fa."

"Ki sa rigar ki yi musu hoton, kin fi ni kyau. Ni yadda nake shiga tun ina budurwa, haka zan shiga."

Dabarar tata mai sauƙi ce, shi ya sa ba wanda ya gano ta sai mai idon sa ido irina. Kitson yarinya mai wasan ƙasa ba ya wuce mako biyu. Saboda haka kowane gida sau biyu take zuwa a wata, zuwa ɗaya ta kawo magani, na biyu ta duba ko ana sha. Kakar da ba ta san kalanda ba ai ta san tsohon kitso. Yarinya na zaune tsakanin gwiwoyinta, kai a sunkuye, baki dab da kunne, wa zai ji abin da ake faɗa? "Kin sha na safe? Jiya fa? Kada ki yi mini ƙarya, kanki na hannuna." Daga yadda wuyan yarinya ya kwanta a cinyarta take gane ta rame ko ta murmure. Daga fatar kai take gane ƙuraje sun fara. In ta gama sai ta shafa kan ta ce, "In ya tsufa ina tafe. Kada ki bar kowa ya tsefe miki. Ni na kitsa, ni zan tsefe." In yaron namiji ne, uwar ko kakar take yi wa kitson, tana duba shi ta wutsiyar ido. Garin kunun da ƙungiya ke rabawa a buhu mai rubutun Turanci kuwa, sai ta juye shi a baƙar leda kafin ya taka unguwa.

Shaidun aikinta suna da yawa, sai dai yawancinsu ba su san abin da suka shaida ba. Malam Yusha'u mai shayi har gobe yana ba da labarin ranar da ruwa ya shanye kwalbatin layinsu, ya ga mai kitso ta naɗe zane zuwa gwiwa ta ratsa da jaka a ka. Ya ce mata, "Hajiya, kitson amarya ne da ba zai jira ruwa ya janye ba?" Ta ce, "Na amarya ne, Malam, ga dangin ango nan tafe." Shugabar wata Islamiyya tana tuna yadda mai kitso ta yi ta sintiri a ofishinta sai da aka mayar da wasu marayu uku aji. Ta ɗauka 'ya'yan 'yar'uwarta ne. Ko garinsu ba ɗaya ba.

Ke ce, Juwairiyya, rijiyar da ake jefa dutse ba a ji ƙararsa. Ke ce mai shiga da sallama ki fito da amana.

To ni kuma abin da ya haɗa ni da ita ke nan. Mai kitso ai ita ce jaridar mata. Wa aka saka, wa ta yi yaji, wa ta sayar da kwanukanta a ɓoye, duk a ƙarƙashin kibiya ake ji. Amma wannan baiwar Allah sai ta shafe awa biyu a kanki ki tashi ba komai sai ciwon wuya. Ki ce mata, "Ya kika baro gidan su wance?" Ta ce, "Lafiya lau, suna gaishe ki." Mutum ya shiga gida arba'in a wata ya ce duk lafiya lau? Na ce a raina, tukunyar da aka danne murfinta da dutse, nama ne a ciki.

Sai na sa ido. Na ga tana tsefe kitson da bai gama tsufa ba. Na ga gidajen da take maimaitawa ba na masu hali ba ne. Abin da ya ƙarasa ni shi ne wani gida da ba kowa sai tsohuwa da jikanta namiji, tsohuwar kuwa kanta kamar bayan ƙwarya, ko ƙuda ya sauka sai ya zame. Sau biyu a wata Juwairiyya na shiga. Me ake kitsawa? Na zauna na jera gidajen a kaina, sai na ga kowanne an taɓa fitar da gawar mai ƙuruciya bayan doguwar jinya. Wallahi daɗi na ji, irin na wanda ya yi tsintuwa a hanya. Ba zan ɓoye muku ba.

Bayan Babbar Sallah da mako biyu aka yi suna a layinmu. Shekara tara ke nan yanzu. Mata cike da tsakar gida, ana rabon waina da miyar taushe, ana kukan tsadar atamfa. Wata ta yaba shukun da ke kan 'yarta, ta ce aikin Juwairiyya ne. Ni kuwa abin na cina kamar ƙaiƙayi.

Na ce, "Shuku kam ta iya. Ni dai Allah ya tsare gidana da kitson mako biyu."

Aka juyo. "Gwaggo, fasa mana ƙwan. Mene ne kuma kitson mako biyu?"

Na ce, "Ku jera gidajen da take shiga sau biyu a wata, ku nuna mini wanda ciwon zamani bai yi ɗauka a cikinsa ba. Ku fara da gidan Maijidda."

Shewa nake jira. Ba a yi ba. Matar nan da ta yabi shuku ta janyo 'yarta ta fara tsefe mata kai a wurin, da hannun miya.

Rauda a lokacin shekararta tara. Uwa da uba sun rasu tun tana goye, kakarta ke riƙe da ita da sana'ar ƙuli-ƙuli. Yarinya ce mai surutu kamar ni, ga murya, ita ke jan baiti a Islamiyya sauran su amsa. Kafin mako ya zagayo yara sun daina shan ruwa a kofi ɗaya da ita, suna bin ta da "mai sabon kitso, mai sabon kitso." Ƙuli-ƙulin Inna Maijidda ya fara kwana a faranti. Ranar da Juwairiyya ta zo da maganin wata, a zaure tsohuwar ta tare ta. Katangarmu ɗaya, a kunnena aka yi.

"Inna, na zo tsifa."

"Babu kan da za ki tsefe a gidan nan. Ke kika ce ba mai sani. Har rantsuwa kika yi mini."

"Ban gaya wa kowa ba, Inna."

"To aljani ne ya faɗa? Yarinya na tura ta inda ba a san ta ba."

"Ina ne? Maganin da ke hannunta na kwana uku ne fa."

"Inda ba ke. Maganin da zai sa a ƙi cin abin hannunmu, Allah ya ba mu lafiya ba shi."

Ta turo ƙyaure.

Ba ita kaɗai ba. Gida goma sha ɗaya suka rufe wa Juwairiyya ƙofa a wata guda. Masu kitson gaskiya ma suka gudu, wai ana ɗaukar ciwo a mataji. Malam Muntaka ya ce ta kai ƙarata wurin mai unguwa. Ta ce masa, "In na je in ce me? In na ce ƙarya ta yi, a ba ni rantsuwa. In na ce gaskiya ta faɗa, na ƙarasa yanka su da hannuna."

Ba ta kai ƙara ba. Ga abin da ta yi. Wata Laraba da hantsi, daidai lokacin da ake fitowa sayen kayan miya, sai na ji sallama a ƙofata da ƙarfin da har layi na biyu za su ji.

"Salamu alaikum! Gwaggo Ishatu, ga mai kitsonki ta iso!"

Na fito da ludayi a hannu. "Wa ya kira ki?"

"Ba wanda ya kira ni. Sadaka ce, ta tsofaffi. Duk mako biyu zan riƙa zuwa, in Allah ya yarda."

"Ni gashin nawa guda nawa ne?"

"Ko bakwai ne zan raba su uku, Gwaggo. Ko in koma? In kin kore ni ba komai, ai Inna Maijidda ma ta kore ni."

Kun ga ramin? In na bar ta ta shiga, gidana ya zama na mako biyu. In na kore ta, na zama Maijidda. Na leƙa waje, ga kawuna a kowane zaure. Na ce, "Shigo."

Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. Daga ranar ba gidan suna, ba gidan biki, ba zaman makoki da ban shiga na ƙaryata kaina ba. "Wai ku ba ku san wasa ba? Kitso ne fa kawai! Ga shi ni ma tana yi mini." Ba don Allah na yi ba, don kaina na yi. Ita kuma ta tsiri shiga gidan liman sau biyu a wata, da gidan kansila, da bayan shagon Mama Ijeamaka mai kayan masarufi, duk kyauta, ƙafafunta har kumbura suke. Sannu a hankali alamar ta lalace, ba wanda ya ƙara sanin wane gida ne wane. Ƙofofin nan suka riƙa buɗewa ɗaya bayan ɗaya.

Amma Rauda ba ta nan. Inna Maijidda tana da 'ya'ya a wurare huɗu, kuma ta rantse ba za ta faɗa ba. Juwairiyya ta je Hanwa da sunan neman masu kitso, ta je Sabon Gari, har Kaduna ta leƙa. Kullum da safe robar Rauda na cikin waɗanda take girgizawa, kullum da yamma ta dawo da ita.

Ni kuwa na sani. Matar ɗan acaɓan da ya ɗauki kayansu ta gaya mini tun ranar da aka tafi: Dutsen Abba, gidan ɗan Maijidda na biyu. Amma ina gaba da Juwairiyya saboda abin da ta yi mini a gaban layi. Sai in sunkuyar mata da kai in ƙulle bakina, in ce ke ma ki ɗanɗana kitso ba hira. Takan zagaya ta ce, "Gwaggo, layin nan ya yi shiru, yara sun ragu." In ce, "Ni ce makiyayiyarsu?" Ba za ta iya kama suna ba, don kama sunan Rauda a gabana daidai yake da ce wa Rediyo hasashenki gaskiya ne. Kuma na ji da kunnena an ce maganin kwana uku ne. Na ce a raina ai magani ne, in an huta a ci gaba. Ni da magana ba ta taɓa kwana a cikina ba, sai ga shi na riƙe wadda ya kamata in saki, har wata biyar.

Cikin zafin bazara, wata Laraba, tana tsakiyar kaina sai na ji kibiya ta tsaya.

Ta ce, "Gwaggo, shekara biyar ina aikin nan ban taɓa kama sunan yaro a gaban wanda ba nasa ba. Yau zan kama, Allah ya yafe mini. Abin da kika faɗa a gidan suna gaskiya ne. Rauda wata biyar ba magani. In kin san inda take ki gaya mini, sannan ki je ki ba da labarina duk inda kika ga dama."

Wani abu mai ɗumi ya ɗiga a ƙeyata. Ba man kaɗanya ba ne.

Na ce, "Dutsen Abba."

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun ranar."

Ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da na sami sauƙi. Ta ɗaure jaka ta bar ni da rabin kai a tsefe. Na ja mayafi na rufe na bi ta.

Matar kawun Rauda ce ta tarbe mu, baiwar Allah da ba a gaya wa komai ba. Ta ce kwana huɗu ke nan zazzaɓi, wuya ya ƙi lanƙwasuwa, an yi rubutu an yi hayaƙi. Muka shiga ɗakin. Yarinyar da na sani da kumatu ta koma kamar sillen kara a kan tabarma. Juwairiyya ta durƙusa ta zame mata ɗankwali. Sai ga shukun nan. Shukun da ta yi mata kafin suna, wata biyar, ya cukurkuɗe ya dunƙule, sabon gashi ya ɗago shi daga ƙasa.

Matar ta ce, "Kada ku ga ƙazantarmu. Mun yi mun yi, ta hana a taɓa. In an ɗauko mataji sai ta riƙe kai da hannu biyu tana ihu, wai mai kitsonta ta ce ita za ta tsefe, tana tafe."

Juwairiyya ta kwance zanen samanta ta goya yarinya 'yar shekara tara kamar jaririya, ta nufi bakin titi cikin ranar nan da ke narka kwalta, ni ina binta da jaka.

Sanƙarau ne. Likita ya ce ya sami jiki ba garkuwa. Mako uku ana abu ɗaya, Allah ya yi da sauran shan ruwanta. Masu jinya suka ce a aske kan a huta, Juwairiyya ta ƙi. Kwana biyu ta yi tana jiƙa shi da mai tana warware shi sili-sili. Ranar da Rauda ta buɗe ido sosai, ta sunkuya dab da kunnenta kamar yadda ta saba, ta ce, "Na zo. Na makara, amma na zo." Yarinya ba ta waiwayo ba. Ta sake faɗa. Ana haka farantin ƙarfe ya suɓuce wa wata mai jinya ya faɗi ƙasa. Duk ɗakin muka zabura. Ban da Rauda.

A baranda na ce wa Juwairiyya, "Ni na jawo."

Ta ce, "Kin jawo, Gwaggo, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma da na tambaye ki tun watan farko. Na tsaya gadin sirrinta har na kusa rasa ita kanta." Har yau ba ta yarda laifina ne ni kaɗai ba, kuma wannan ya fi mini zagi ciwo.

Da na sani ƙeya ce. Inna Maijidda ta dawo da jikarta, ta buɗe wa Juwairiyya ƙofa, ni kuwa har ta koma ga Allah ba ta amsa gaisuwata ba. Juwairiyya ta yi ta faɗi-tashi sai da aka ɗauki Rauda a makarantar kurame. Tambayar magani ta koma ta yatsa: ta ƙwanƙwasa mata kai sau ɗaya, na safe ke nan, sau biyu, na dare, yarinya ta gyaɗa. A haka ta koya mata kitso har hannunta ya faɗa. Waƙa dai an gama. Ni kuma na je neman gafarar Rauda ya fi sau goma. Sai in zauna in yi ta zuba, ita tana kallon bakina yana motsi. Bakin da ya iya ɓarna ya kasa gyara, don kunnen da zai ji babu.

Ke ce, Juwairiyya, wadda ta ci gaba da zuwa mini duk Laraba ta biyu shekara tara, ba ki taɓa tayar da zancen ba ko da wasa. Ni ma kuma ban faɗa wa kowa abin da kika gaya mini ba. Ku tambayi layinmu ko an taɓa jin Ishatu ta riƙe magana kwana tara.

Ranar da aka rufe ofis, Madam Ginika ta tara ma'aikata ta karanta musu takarda. Can ƙasar masu tallafin aka sauya shawara. Magani yana nan a asibiti, amma mai kaiwa da mai dubawa da garin kunu, duk an tsayar. Da ta gama sai ta jawo durowa ta fito da rigar nan mai tambari, a ninke yadda aka bar ta shekara goma sha huɗu. Ta ce, "Ungo, ki sa ko sau ɗaya in gani." Suka yi dariya har suka koma kuka. Juwairiyya ba ta tambayi makomarta ba. Cewa ta yi, "Madam, wa zai tambaye su ko sun sha na safe?" Ta ƙare watanninta na ƙarshe tana raka kakanni asibiti ɗaya bayan ɗaya, tana nuna musu ƙofar da za su shiga da tagar da za su tsaya, da yatsun da ko igiyar jakarta ba sa iya ɗaurewa.

Na san wata za ta ce ga Rediyo ta sake kama tasha. Da izini na yi wannan karon. Kuma wadda ta karanta ta zauna jera gidajen da Juwairiyya ke shiga, ta fara da nawa, ta biyo da na liman.

Matan Tudun Wada, da ku nake. Turawa sun janye hannu, amma ba su tafi da matajanmu ba. Kowace a cikinmu ta san gidan da tsohuwa ke fama da maraya. Ba sai an ba ki riga ba. Ki shiga da sallama, ki raka ta asibiti in ta nema, ki zuba wa yaron kunu a kofin da 'ya'yanki ke sha, ki fito ki ce lafiya lau, suna gaishe ku. Masu baki irin nawa kuma, abin da idonki ya harhaɗa ba naki ba ne. In ya yi miki ƙaiƙayi, ki tuna da shukun wata biyar.

Rauda yanzu shekararta goma sha takwas, tana shan maganinta, a tsakar gidan Juwairiyya take kitso, mata har layi suke yi. Ba ta ji, amma tana karatu fiye da ni. Saboda ita na nemi biro, tunda baki ya gaza. Na kai mata takardun nan kafin kowa ya gani. Ta karanta a hankali, ni ina zaune ina kallon ƙasa. Ta soke layi biyu, ba zan gaya muku abin da ke cikinsu ba. Sannan ta juya bayan takarda ta ƙarshe ta yi rubutu, ta miƙo mini ba tare da ta dube ni ba. Ga abin da ta rubuta:

"Na karanta, Gwaggo. Kitsonki ya tsufa. Ki zo ran Laraba."

Juwairiyya, mun gode. A madadin waɗanda ba za su iya fitowa su gode miki ba, da waɗanda ba su san suna da abin godewa ba, mun gode. Allah ya warware miki yatsun nan, ya rufa miki asiri duniya da lahira yadda kika rufa wa bayinsa. Ran Laraba ina tafe. Ki ajiye mini 'yar kujera a tsakar gidanki gaban Rauda, zan sunkuyar da kai in yi shiru.